Shekarar da Baba Ya Riƙa Kai Mana Tuwo Jami'a

Azumin bana ya zagayo ya faɗo a wutsiyar ƙaramar damina, lokacin da hadari kan haɗu da la'asar ya yi ta gurnani a kan Kumasi, wani sa'i ya zubar, wani sa'i ya watse ya bar mutane da gumi. Jiya ina zaune a baranda a Buokrom ina jiran magariba, 'yata Habiba tana haɗa kayanta za ta koma jami'a. Uwarta, wadda ita ma ta yi karatun, tana ta jero mata malamin da ya kamata ta je ta gani, da ofishin da ake kai kuka, da yadda za ta adana abincin sahur. Habiba tana amsawa da "to" irin ta wanda ya riga ya sani. Da ƙamshin ƙasa ya taso gabanin ruwa, sai na tuna azumin 1969, wanda shi ma a irin wannan yanayi ya zo, a shekarar da na shiga jami'a ba ni da mai jero mini komai.

Gidanmu yana unguwar Akwatialine, babban gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye. Mai gidan shi ne Alhaji Garba, mutumin Sakkwato, falken goro, kuma shi mahaifina Baba Salisu yake yi wa aiki. Sana'ar Baba ɗaurin goro ce. Ya zaɓe, ya jera a kwando tsakanin ɗanyen ganye, ya ɗaure yadda zai isa Arewa bai bushe ba. Mahaifiyata, Mma Rabi, koko da ƙosai take sayarwa a bakin layi. Baba ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Mma kuwa iyakarta surorin salla. Da na samu gurbi a jami'a, Baba ya tambaye ni abin da zan koya. Na ce aikin safiyo, wato auna ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka, bai ƙara tambaya ba.

Daga tashar Kejetia zuwa jami'ar ba wata tafiya ba ce a motar haya ta trotro, amma duk sa'ad da na sauka sai in ji kamar na tsallaka iyakar wata ƙasa. Ciyawa a aske, tituna shiru, ƙararrawa ce ke kiran mutane cin abinci, kuma da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci. Wannan duk na koya ta hanyar satar kallon na kusa da ni. Abin da ya fi ƙarfina shi ne aji. Malami ya shigo, ya cika allo, ya kwashi takardunsa ya fita, ba ya waiwayen wanda aka bari a baya. 'Ya'yan malaman makaranta da na lauyoyi sun san abubuwan da ba a faɗa a aji. Sun san ana bin malami ofishinsa a ce ba a gane ba, sun san inda ake samun tambayoyin bara. Ni a zatona wanda ya buga ƙofar malami neman kora yake.

Abokin ɗakina Isifu ne, ɗan manomi daga wani ƙauye kusa da Bawku, dogo, mai yawan dariya. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Shi ma shi ne na farko a danginsu da ya wuce firamare. Tare muke karatu, tare muke rashin ganewa.

Aka ga wata a tsakiyar zangon farko. Zafin wannan lokaci ba na rana tsagwaronta ba ne, zafi ne mai laima, iska kamar tururin tukunya, riga ta manne wa mutum a baya tun hantsi. Mu kuma lokacin aka fara fita da mu fili, muna ɗauke da sarƙar awo da na'ura mai ƙafa uku, muna kutsawa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, cinnaku na hawa ƙafa. Kafin azahar harshe ya yi kauri a baki. Idan na sa ido a na'urar sai in ga lambobin sandan awo suna rawa.

Ɗakin cin abinci bai san da sahur ba. Ba mugunta ba ce, Musulmi kaɗan ne a wurin, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya yi magana. Mu ma ba mu san ana magana ba. Muka riƙa ɓoye burodin safe a aljihu, mu haɗa da garin rogo da muke jiƙawa a kofi. Da yamma, tun da ba mu san wanda ya yanka naman miya ba, sai mu ci shinkafa gaya da barkono. A cikin wannan hali aka yi mana gwajin lissafi na farko, ni da Isifu muka faɗi ƙasa warwas.

Azumi bai yi nisa ba rediyo ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Iyayena 'yan ƙasa ne, a Salaga aka haifi Baba, Mma kuwa a nan Zongon Kumasi aka yanke cibiyarta. Amma rabin mutanen da na tashi na gani a layinmu maganar ta shafe su. Ranar Juma'a na kasa haƙuri, na hau mota na tafi gida.

Ban gane Akwatialine ba. Turame da gadaje da kekunan ɗinki jibge a bakin titi ana neman mai saye. Manyan motoci sun tsaya an loda musu akwatuna har sama, mata a zaune kan kaya da yara a cinya, leɓɓa a bushe da azumi, ba mai ɗaga murya. Alhaji Garba ya riga ya tafi da iyalinsa da safiyar ranar, ya damƙa wa Baba makullan gida. Na sami Baba a zaure tsakanin kwandunan goron da ba mai ɗauka, yana kwancewa yana tsince wanda ya fara lalacewa. Fataken da ke saye duk sun kama hanya. Aiki ya tsaya cik.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na yanke tun a mota. Zan bar karatu in nemi aikin akawu a kamfanin katako, in riƙe gida. Na ƙara da cewa ko ba wannan ba, karatun ma ya ƙi ni, na faɗi gwaji. Ya ci gaba da tsintar goronsa kamar bai ji ba. Haka muka zauna har ladan ya kira magariba.

A tsakar gida muka sha ruwa, gidan ya yi faɗi saboda rashin mutane. Mma ta zuba mini koko mai zafi, yaji na tashi har hanci, ta tura mini ƙosai. Ta tsaya tana kallon wuyana. Ta tambaye ni abin da muke ci da asuba, na ce gari, da magariba kuma shinkafa gaya. Ta tambaya ko ni kaɗai ne, na ce da Isifu, da wasu da nake gani a wurin salla. Ta ƙara mini koko.

Sai bayan mun idar da salla Baba ya yi magana. Ya tambayi sunan malamin lissafin, na ce Dokta Owusu. Ya tambaya ko na taɓa zuwa na gaishe shi. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa can ba haka ake yi ba, ba makarantar zaure ba ce.

Ya ce, "Yakubu, ni ban san ɗakin da ka shiga ba, ba zan iya nuna maka ƙofar fita ko ta shiga ba. Amma ban taɓa jin inda aka ɗauki karatu a wurin mutumin da ba a gaisa da shi ba. Gida kuwa ba kai ka haife ni ba. Ran Litinin zan zo."

Ya kuwa zo. Na tarye shi a bakin ƙofar jami'a, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, da ƙunshin goro a ganye, wanda ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Yana tafe yana duban gine-ginen a natse, kamar mai duba gonar wani. Ni kuwa ina biye da shi. Muka hau bene, Baba ya yi sallama a ƙofar ofishin da ban taɓa kusanta ba.

Dokta Owusu Ba'asante ne, gajere, mai tabarau, ba a cika ganin haƙoransa a aji ba. Baba ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe shi da yaren Twi mai kyau irin wanda ya koya a kasuwar goro, ya tambayi iyali da gajiya. Sa'an nan ya ajiye ƙunshin a kan tebur. Ya ce ya kawo ɗansa tun farkon zango bai zo ya ga malaminsa ba, a yafe masa. Ya ce shi iyakarsa wannan ƙofa, daga nan zuwa ciki malam ne uban yaro, in ya yi wasa a hukunta shi, in bai gane ba a ƙara masa.

Dokta ya jawo ƙunshin gabansa. Ya buɗe ganyen, ya ɗauki farin goro guda, ya juya shi a hannu. Da ya ji muna azumi sai ya mayar, ya ce zai ci a gida. Ya ce wa Baba tasa uwar ayaba take sayarwa a ƙauyensu, har ta rasu ba ta taɓa shiga aji ba, kuma shekararsa ta farko a jami'a shi ma sai da ya ɗaure kayansa zai gudu. Ya juyo gare ni da Turanci, ya ce ƙofar nan tun farkon zango a buɗe take, in riƙa zuwa kowace Laraba da la'asar, in taho da duk wanda lissafi ya kayar. Kafin mu fita Baba ya sako maganar sahur. Dokta ya tashi da kansa ya raka mu wurin shugabar masu dafa abinci, wata dattijuwa da ake kira Maame Akosua. Ta riƙe haɓa, ta yi mana faɗa irin na uwa a kan me ya hana mu faɗa tun farko. Daga ranar aka riƙa ajiye mana burodi da dafaffen ƙwai da ruwan shayi a fulas.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Ashe Mma ta riga ta yanke tata shawara. Washegari da la'asar sakaliya muna dawowa daga fili sai ga Baba zaune a gindin wani mangwaro bayan ɗakunan kwananmu, da kwanonin langa a ɗaure cikin zane, da tulun lamurji. Ya ce Mma ta ce ita ba ta san abin da muke karantawa ba, amma ta san mai azumi ba ya shan ruwa da shinkafa gaya.

Daga baya na ga yadda abin ke gudana a gida, don ina zuwa ran Asabar. Da safe Mma ta jiƙa gero da masara, ta kai inji. Mma Fati, wata Badagomba mai sayar da man kaɗanya, wadda ita ma ba ta cikin masu tafiya, ita ke dakan kayan miya. Sauran matan da suka rage a layin kowa ta kawo abin da ta samu, wannan kuɓewa busasshiya, waccan daddawa, wata ganyen gwaza. Nama ya yi wuya tun da yawancin mahauta da masu kawo shanu sun tafi, sai ɗan busasshen kifi da ake marmashewa a miya don ƙamshi. Gawayi ma ya yi tsada, aka koma ƙona tsofaffin kwandunan goro, hayaƙinsu na sa hawaye. Da azahar a ɗora tukunya, matan suna tuƙi da baki a bushe, ba mai iya ɗanɗana gishiri, sai dai a ƙiyasta. A kwashe, a rufe, a ɗaure. Baba, wanda bai saba zaman banza ba, ya ɗauka ya nufi tasha.

Da farko mu biyu ne. Kafin mako ya zagayo sai ga wani daga garin Wa, wani daga Yendi, wasu daga Tamale, duk 'ya'yan manoma da masu ƙananan sana'o'i, kowa da irin labarinmu. Ban san akwai mu da yawa haka ba sai a gindin mangwaron nan. Muka riƙa tara sukari da madarar gwangwani da ake ba mu, mu ba Baba ya kai wa matan. Idan rana ta faɗi shi ke ba mu salla a kan ciyawa, sa'an nan a buɗe langa, tururin tuwo ya tashi, kowa ya sa hannu. Bayan ci sai ya raba goro, ya ce maganin gyangyaɗi ne. Yakan jingina da itacen ya saurare mu muna gardama a kan kusurwa da ma'auni, yana murmushi, ba ya tsoma baki. A nan ne wani ɗan aji uku ya gaya mana inda ake samun tambayoyin bara. A nan ne kuma aka haɗa ayarin zuwa wurin Dokta ranar Laraba.

Akwai yammacin da ba na mantawa. Tun azahar garin ya yi tsit, ganye ko motsi, zafi kamar an kifa mana kwano. Can hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a baranda muna kallon hanya ta zama rafi. Isifu ya ce yau dai garin rogonmu za mu koma wa, ba mai fitowa cikin wannan ruwa. Ana gab da shan ruwa muka hango mutum tafe a sunkuye, ba takalmi, cikinsa ya yi tulu. Baba ne. Motarsu ta maƙale a taɓo, ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, ya cusa kwanonin cikin rigarsa ya rungume. Ruwa na zuba daga gemunsa, haƙoransa na kaɗawa. Da muka kwance zanen, tuwon da sauran ɗuminsa.

Isifu ya tuɓe rigar sanyinsa ya sa masa, ya ce, "Baba, Mma ya ce ka mutu a hanya saboda tuwo?"

Baba ya yi dariya har da tari, ya ce Mma ba ta ce ya mutu ba, amma ta ce kada ya dawo mata da kwano cike, shi kuma ya san wanda ya fi tsoro tsakanin ruwa da ita. A ɗakinmu muka ci ranar, mun cika shi maƙil, ruwa na dukan taga, ƙamshin daddawa ya cika bene har maƙwabtanmu Kiristoci suka leƙo, aka matsa musu suka sa hannu.

Yanzu akwai masallaci a jami'ar, akwai ƙungiyar ɗalibai da ke raba abincin shan ruwa, ga masu sayar da abinci a kowane lungu. Habiba ba za ta taɓa jiƙa gari a ɓoye ba, kuma na gode wa Allah da haka. Sai dai duk sa'ad da na je kai ta, idona kan faɗa a kan wani yaro ko yarinya tsaye da akwati a bakin ƙofa, uba a gefe yana riƙe da hularsa, su biyun ba wanda ya san ta inda za a fara. Nakan rage tafiya in yi musu sallama.

Sallah ta zo mana a sanyaye a wannan shekara. Filin idi da sahu ya saba cikawa ya yi giɓi, mutane suna waige suna lissafa waɗanda babu. Amma mun ci, mun sha, kuma saƙo ya iso ta bakin wani direba cewa Alhaji Garba ya sauka lafiya da iyalinsa. Aka yi jarrabawar ƙarshen zango. Da aka ba da hutu Isifu bai tafi Bawku ba, Baba ya buɗe masa ɗaya daga ɗakunan da aka bari, muka yi hutun muna bitar lissafi da taya Mma dakan gero. Da muka koma a farkon 1970 sakamako ya fito. Ba mu zo na ɗaya ba, ba mu ma kusa ba, amma mun haye, ni da shi. A wannan watan ne kuma wani Ba'asante da ya shiga cinikin goro ya zo har gida neman wanda ya iya ɗauri, Baba ya koma bakin aikinsa.

Ana nan cikin rani, wata Asabar ina gida tare da Isifu, aka yi sallama a zaure. Wani tsoho ne siriri da rigar saƙi, buhun gero a ka, zabi biyu a hannu an ɗaure musu ƙafa. Isifu ya miƙe zumbur, ya zube a gabansa. Mahaifinsa ne. Tun da aka haife shi bai taɓa wuce Tamale ba, amma labari ya kai masa cewa akwai wasu mutane a Kumasi da suka ciyar da ɗansa wata guda, shi ne ya biyo motar albasa ya zo ya gan su da idonsa.

Aka shimfiɗa musu tabarma shi da Baba. Mma ta kawo fura. Tsohon ya yi godiya da 'yar Hausarsa har ta ƙare masa, ya koma yarensu, Baba yana ta amsawa da "ba komai" ko da yake ba ya ji. Muna gefe muna fige zabi. Can tsohon ya matso kusa da Baba, ya rage murya, ya ce shi fa akwai abin da yake so ya tambaya tun tuni, yana jin nauyin ɗansa. Wai shin me yaran nan suke koya a can?

Baba ya ce auna ƙasa.

Tsohon ya gyara zama. Ya ce shi tun yana yaro yake noma, ya san iyakar gonarsa daga tsamiya zuwa bakin rafi, bai taɓa jin ƙasa ta ƙaru ko ta ragu ba, to me za a auna a cikinta har shekara huɗu?

Baba ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi.

Ya ce, "Wallahi makonni na yi ina zama cikinsu ina saurare, ban gane ko kalma ɗaya ba. Amma na ga malaminsu, mutumin kirki ne. Kuma yaran suna cin tuwo sosai."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya jefa goron a baki, ya ce to in dai haka ne, su ci gaba.